Hutun Jirgin Ruwa Da Iyali: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A wannan mako za mu duba wata wasiƙa ce da ta iso mini daga ƙasar Ingila.

Mai wasiƙar tsohon ɗalibina ne, na koya masa nahawu da sarfu shekaru fiye da 20 da suka wuce. Yanzu yana aiki a wani asibiti a can, yana zaune da matarsa da 'ya'ya huɗu, babban yana da shekara 13, autar kuwa tana da 3. Ya ce shekara biyu ke nan yana tara kuɗi saboda hutun iyali. Yaran sun matsa masa a kan ya kai su hutun jirgin ruwa, irin wanda abokansu na makaranta suke zuwa su komo da hotuna, uwarsu kuma ta goyi bayansu. Shi kuwa zuciyarsa ta rabu biyu, gama mahaifiyarsa tana nan gida, ta tsufa, kuma ba ta taɓa ɗora ido a kan autar ba. Kuɗin ba za su isa a yi duka biyun ba. Ga yadda ya rufe wasiƙarsa: "Allah ya gafarta Malam, shin wannan hutu ya cancanci abin da za a kashe masa, ko kuwa almubazzaranci ne kawai?"

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwanmu da hutun masu hannu da shuni, alhali jama'a suna fama da abin sakawa a bakin salati? To, gaskiya ne kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa taka irin wannan jirgi. Amma tambayar da ke ƙarƙashin wasiƙar ta shafi kowane magidanci, watau me ya kamata uba ya saya wa iyalinsa da sunan jin daɗi, kuma da wane ma'auni zai auna? Wanda zai kai yaransa gidan namun daji ranar Salla da wanda zai kai nasa Bahar Rum, ma'auninsu ɗaya ne.

MENE NE WANNAN HUTU?

A da, mutum yakan shiga jirgin ruwa ne don ya isa wani wuri. Kakanninmu da suka yi Haji ta ƙasa, bayan sun ratsa Chadi da Sudan, a jirgin ruwa suke ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Dattawa kuma za su tuna da jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya riƙa jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Ingila da Ikko daga 1951 zuwa 1974, tafiyar kimanin mako biyu. Da jiragen sama masu sauri suka ƙwace fasinja tun daga ƙarshen shekarun 1950, sai masu jiragen ruwa suka sake dabara. Suka mai da jirgin kansa wurin da ake zuwa, ya tashi daga tasha, ya zaga 'yan garuruwa, ya komo inda ya tashi bayan mako guda.

Dabarar ta karɓu ƙwarai, har a shekarar 2023 mutum fiye da miliyan 30 suka yi irin wannan hutu. Alal misali, jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga birnin Miami na Amurka a watan Janairu 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana da hawa 20, kuma yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata 2,350. A cikinsa akwai ɗakunan kwana, da gidajen abinci, da kantuna, da kududdufan wanka, da dandalin wasanni. Ke nan gari ne sukutum yake yawo a bisa ruwa.

ABIN DA KALMOMI SUKE FAƊA

Da yake sana'ata koyar da Larabci ce, sai ku yi mini haƙuri in fara daga kalmomi. Larabawa suna kiran tafiya "safar", asalin kalmar kuwa yana nufin yaye lulluɓi. Masana lugga sun ce an kira ta haka ne don tana yaye halayen mutane, wanda ka zauna da shi shekara goma ba ka san shi ba, kwana uku a hanya sai ta nuna maka shi. Yawon buɗe ido kuma suna ce masa "siyaha", daga malalar ruwa a bisa ƙasa. Fita shan iska kuwa "nuzha" ce, kuma asalinta nisantar ƙazanta da duk abin ƙi.

Daga waɗannan kalmomi uku mun sami tambayoyi uku da za mu yi wa kowace tafiya. Shin za ta buɗe wa matafiyi wani abu game da kansa da abokan tafiyarsa? Shin za ta ratsa da shi ƙasa ya ga yadda bayin Allah suke zaune? Shin za ta nisantar da shi daga abin da ke gurɓata zuciya, ko kuwa kusantar da shi za ta yi?

Tun da fari dai a sani cewa addini bai hana hutu ba, bai kuma hana hawan teku ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah ya yi tsere da matarsa Nana A'isha, ya kuma yi wasa da jikokinsa. Alƙur'ani ya ambaci jirgin ruwa a wurare da dama cikin alamomin ikon Allah. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha a jirgin ruwa. Sayyidina Umar ya hana Mu'awiya ɗaukar Musulmi a teku don tsoron halakarsu, Sayyidina Usman kuma ya yarje masa daga baya, aka tafi tsibirin Ƙubrus, har da mace a cikin tafiyar, watau Ummu Haram 'yar Milhan. Wanda ya hana da wanda ya yarje, dukansu amfani da hatsari suka auna. Haka kuma malamanmu na Malikiyya sun ce mai tafiyar saɓo ba shi da rangwamen kasaru, mai tafiyar wargi zalla kuwa, kamar wanda ya fita farauta don nishaɗi kawai, an karhanta masa. Wannan ya nuna mana cewa shari'a tana duban dalilin tafiya kafin ta dubi nisanta.

ALHERIN DA KE CIKI

Adalci ya wajabta mu faɗi alherin abu kafin aibinsa. Na farko, uwar gida tana samun hutu na gaske. A yawancin tafiye-tafiyen iyali, maigida da yara ne suke hutawa, ita kuwa wurin aiki kawai ta sake, girki da wanki suna nan suna jiranta. A jirgi ba ta ɗora tukunya, ba ta shara, kuma sau ɗaya za ta kwance kaya ta sake ɗaure su. Matar da take fama da yara huɗu a ƙasar da babu kaka, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za ta riƙe mata goyo, idan ta nemi mako guda irin wannan ba ta yi laifi ba.

Na biyu, teku kanta makaranta ce. Yaron da ya tashi tsakanin gine-gine, in ya tsaya da asuba ya ga rana tana fitowa daga ruwan da ba shi da iyaka, ko da dare ya ga taurari babu fitilar da ta dushe su, ya sami darasin tauhidi wanda allo ba zai ba shi ba.

Na uku, jiragen da ke zaga Bahar Rum sukan tsaya a wuraren da ke cike da tarihi. A Palermo ta tsibirin Sisili, wadda Musulmi suka riƙe daga 831 zuwa 1072, uba zai iya ba 'ya'yansa labarin Al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa na taswirar duniya a nan a 1154. A tsibirin Malta za su ji mutane suna magana da harshen da asalinsa Larabci ne, ko da yake da baƙaƙen Turawa ake rubuta shi. Daga Malaga kuma ana iya zuwa a ga fadar Alhamra a Garnata. Tafiya mabuɗin ilmi, in ji Hausawa, kuma gani ya kori ji.

ABIN DA BA A RUBUTAWA A TALLA

To, sai mu juya ɗaya ɓangaren. Kuɗin da ake rubutawa a talla ƙofar shiga ce kawai. Yawancin manyan kamfanoni suna ƙara wa kowane fasinja kuɗin tukuicin ma'aikata, tsakanin dala 16 da 20 a kowace rana, har da yara. Lemon kwalba, da intanet, da hotuna, da wasu gidajen abincin, da motar da za ta zaga da ku gari in an tsaya, duk da kuɗinsu daban. Yawancin ɗakuna ba sa ɗaukar fiye da mutum huɗu, saboda haka mai iyali shida sai ya kama biyu. Farashi kuma yakan hau daidai lokacin hutun makaranta. Daɗin daɗawa, a cikin jirgi ba a riƙe tsabar kuɗi. Katin buɗe ɗaki shi ne na sayayya, sai ranar sauka mutum ya biya lissafi. An tsara haka ne da gangan, gama hannun da ba ya ƙirga kuɗi ba ya jin nauyinsu.

Abu na biyu ya fi kuɗi nauyi, shi ne abin da idon yaro zai gani. Babban ɓangare na ribar waɗannan jirage daga barasa da caca yake fitowa. Da zarar jirgi ya bar ruwan ƙasa ya shiga tsakiyar teku, sai a buɗe gidan caca, kuma sau da yawa yana kan hanyar da jama'a suke bi ne. A bakin kududdufi kuwa shigar mutane sai a kau da kai. Wanda ya sauka a masauki a tudu, in ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya kwashi iyalinsa ya sake wuri. A tsakiyar teku ina za shi? Yaro ɗan shekara 13 da ya kwana bakwai yana ganin manya suna sha suna caca cikin raha, kuma mahaifinsa ne ya biya kuɗin kawo shi, ya ɗauki wani karatu ko da ba a ce masa komai ba. Haka nan teburin abinci da kusan ba ya yankewa, inda ake cika faranti a ci rabi a bar saura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da abin da ya gani yake tanƙwaruwa fiye da abin da ya ji.

Ba dukan jirage ne suka zama ɗaya ba. Jiragen kamfanin Disney, wanda ya fara wannan sana'a a 1998, ba su da gidan caca, ko da yake ana sayar da barasa. A watan Disamba 2024 kuma jirgin Aroya na ƙasar Saudiyya ya fara tashi daga Jidda, ba barasa, ba caca, abincinsa na halal, da wurin salla a ciki. A sauran jirage kuwa sai mutum ya nemi abincin halal tun kafin ranar tashi, ya kuma riƙa binciken alƙibla a kowace salla, tun da jirgi yana juyawa.

Akwai wani abin mamaki kuma. Ana tallan wannan hutu da sunan haɗa kan iyali, amma babban abin da ake yabonsa da shi shi ne ɗakunan renon yara, inda ake rarraba su bisa shekarunsu, a riƙe su tun safe har dare. Sai a wayi gari uba yana nan, uwa tana can, kowane yaro yana hannun baƙon da ba a san tarbiyyarsa ba, ba a haɗuwa sai wajen cin abinci. Idan "safar" ita ce wadda take sanar da kai abokin tafiyarka, wannan ba ta cika sunanta ba.

Game da hatsari, gaskiya ita ce nutsewar irin waɗannan jirage abu ne mai wuyar faruwa. Amma yana faruwa. A ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu. Abin da ya fi yawa shi ne cuta, saboda cunkoso. A watan Fabrairu 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum kimanin 3,700, fiye da 700 suka kamu da cutar korona. Cutar amai da zawo ma takan bazu a jirgi da sauri. Asibitin jirgi ƙarami ne, kuma da kuɗi ake ganin likita. Saboda haka ne yawancin kamfanonin da kansu ba sa karɓar jaririn da bai kai wata 6 ba, ko mai cikin da ya kai mako 24.

Sai kuma haƙƙin waɗanda ba su cikin hoto. Yawancin masu share ɗakuna da ɗaukar faranti daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya da Indiya suke. Sukan yi watanni shida zuwa tara a teku, suna aiki kowace rana ba ranar hutu, sun bar nasu 'ya'yan a gida don su yi wa 'ya'yan wasu hidima. Kamfanoni da yawa kuma sukan yi wa jiragensu rajista a ƙasashe kamar Bahamas da Panama, inda haraji da dokokin ƙwadago suka fi sauƙi. Mutanen garuruwan da ake sauka su ma suna kuka da cunkoso da hayaƙi, har gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice tun daga watan Agusta 2021. Ban ce wannan ya haramta tafiyar ba. Amma mai hankali in yana jin daɗi yakan tambayi kansa gumin wa yake sha, ko ba komai ya kyautata wa mai yi masa hidima, ya kuma koya wa 'ya'yansa gaishe shi da girmamawa.

Daga ƙarshe, ilmin da muka yaba a baya yana da iyaka. Jirgi yakan iso gari da safe ya tashi da yamma. Ibn Battuta, wanda ya bar Tanja a 1325, ya yi shekaru a Delhi yana alƙalanci kafin ya ba da labarin Indiya. Wanda ya yi sa'o'i takwas a Palermo, rabinsu a layi da cikin mota, ƙofar gari kawai ya leƙa. In uba bai yi karatu ya shirya abin da zai nuna wa yaransa ba, abin da za su komo da shi bai wuce tsarabar kanti ba.

MA'AUNI

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun kasa bukatun ɗan Adam kashi uku. Akwai larura, wadda in babu ita rayuwa ko addini ya lalace. Akwai bukata, wadda in babu ita a shiga ƙunci. Akwai kuma ƙawa, wadda take ƙara wa rayuwa kyau. Ƙawa halal ce, matuƙar ba ta hau kan na gaba da ita ba. Nan ne ma'anar almubazzaranci take. Yawan kuɗin da aka kashe ba shi ne ma'auni ba, inda aka ɗebo su da abin da aka tauye su ne ma'auni. Attajirin da ya sauke duk haƙƙoƙin da ke kansa, in ya kai iyalinsa teku bai yi ɓarna ba. Wanda ya ci bashi mai ruwa don kada 'ya'yansa su ji kunya gaban abokai ya yi ɓarna, ko da rabin kuɗin wancan ya kashe. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Wani zai ce, ai abin da yara za su riƙa tunawa har tsufansu ba a yi masa kuɗi. Na yarda. Amma mu tambayi kanmu, mu da muka manyanta, me muke tunawa daga ƙuruciya? Ni dai abin da ya zauna mini shi ne ranar da mahaifina ya ɗora ni a kan kekensa muka tafi ƙauyen kakata, da ƙanshin furar da ta dama mana. Abin da yaro yake riƙewa shi ne ranar da ya sami hankalin iyayensa gaba ɗaya. 'Yar shekara 3 kuwa, ko an kai ta bangon duniya ba za ta tuna ba.

Saboda haka ga amsata gare ka, ɗana. Bana ka kawo su gida. Hutun jirgi ƙawa ne, sada zumunci da mahaifiya kuwa wajibi ne, kuma zumunta a ƙafa take. Jirgin ruwa yana nan baɗi, yana nan bayan shekara goma, wataƙila ma wanda ya fi na yau. Tsohuwa kuwa ba wanda ya ba ka tabbacin za ka same ta. In ka kai su teku bana, Allah ya yi ikonsa a kanta kafin ta ga jikarta, babu hoton da zai goge maka wannan.

Amma kada ka mance da haƙƙin matarka. Abin da take nema hutu ne, kuma tana da gaskiya. Zuwa gidan surukai ba hutu ba ne ga mace. Ka ware kwanaki daga cikin tafiyar, ka kai ta wajen nata iyayen, ka kuma kai su wani wuri ku kaɗai inda ba za ta hura wuta ba. Yaran kuma kada ka ce musu "a'a" ka yi shiru. Ka zaunar da manyan, ka nuna musu lissafin, ka gaya musu dalilin da ya sa kakarsu ta riga jirgi. Ran da kai ma ka tsufa, da wannan ma'aunin za su auna ka.

In Allah ya hore nan gaba, babu bashi a kanka, ka fitar da zakka, ka sauke faralin Haji, autar kuma ta yi wayon da za ta gane abin da take gani, to ba laifi ku tafi. Sai dai ka zaɓi jirgin da ba zai sa ka riƙa rufe wa yaranka ido ba, ka tara dukan kuɗin har da na ɓoye kafin ka biya, ka riƙe yaranka a kusa da kai musamman a bakin ruwa, ka tsayar da salla cikin jam'i da su, ka kuma karanta tarihin garuruwan da za ku sauka. In an cika waɗannan, kwalliya za ta iya biyan kuɗin sabulu. In an rasa su, an sayi gajiya da tsada.

Mu kuma da ba mu da kuɗin jirgi, darasin bai wuce mu ba. Kafin kowane kashe kuɗi na nishaɗi, babba ko ƙarami, magidanci ya tambayi kansa: haƙƙin wa na tsallake kafin in zo nan, kuma me yarana za su koya a wurin?

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna raye, waɗanda suka riga mu kuma ya jiƙansu.